Ƙulli ko kura: wanne ya fi a gindin zanen kwale-kwale?

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka kafa wa kwale-kwalenka zanen kama iska a dam ɗin Tiga, sanda ɗaya a tsaye, gora ɗaya a kwance a ƙasan zanen. Tambayarka ita ce ko ka ci gaba da ɗaure kusurwar zanen ta baya a bakin gorar da ƙulli, ko kuwa ka sa mata kura irin ta jan guga.

Igiyar da ke jan wannan kusurwa ita ce ke yi wa ƙasan zanen siffa. Idan ka ja ta, zanen ya miƙe ya shafe, iska ta zame ta wuce, jirgi ya rage karkata. Idan ka sassauta, sai ya yi tumbi, ya kwashi iska da yawa, ya tura ka ko da iskar ba ta taka kara ta karya ba. Ke nan babu ɗauri ɗaya da zai dace da yini guda. A lokacin hunturu iskar arewa maso gabas takan kwanta da asuba, hantsi na yi ta taso da ƙarfinta, kai kuwa kana tsakiyar ruwa.

Ƙulli ba ya cin kuɗi, ba shi da abin lalacewa, kuma ko yaro ya iya. In ka yi irin ɗaurin da direbobin manyan motoci ke tamke kaya da shi, wato ka yi zobe a jikin igiyar ka maido bakinta ta ciki ka ja, za ka samu ƙarin ƙarfi, sai dai igiya na goga igiya, tana cinye wani ɓangare na ƙarfin tana kuma cin kanta. Babbar matsalarsa ita ce wurin da yake. Bakin gora yana can baya, sau da yawa ma a kan ruwa. Kafin ka gyara sai ka tashi ka miƙa jiki, a jirgi siriri, daidai lokacin da iska ta ƙaru. Ƙullin da ya jiƙe ya sha ja kuma ba ya kwancuwa da sauri. Wannan shi ne abin da ba na so maka.

Kura fa? Ka ɗaure igiya a bakin gora, ka ratsa ta cikin kurar da ke maƙale a kusurwar zanen, ka maido ta ta wata kurar a bakin gorar, sannan ka biyo da ita jikin gora zuwa gaba. Da haka ƙarfin da za ka sa ya ragu zuwa kusan rabi, amma za ka ja igiya ninki biyu: santimita 20 a hannunka, santimita 10 a zanen. Masu jiragen tsere a Turai sukan ƙara kuraye har ƙarfin ya ninka sau 4 ko fiye, amma ƙaramin zane irin naka ninki 2 ya wadatar. Ribar ta gaskiya ita ce inda igiyar ta ƙare. Ka kafa ɗan katako mai ƙaho biyu a tsakiyar gora, inda hannunka zai kai kana zaune, ka riƙa naɗe ta a nan. Sai dai kuɗin kura ya fi na ƙulli, kuma kurar baƙin ƙarfe na tsatsa, sai ka riƙa dubawa.

Ni dai kura na zaɓa maka. Amma ka zagaya kusurwar zanen da wani ɗan zoben igiya daban wanda zai riƙe ta a jikin gora yana zamewa gaba da baya, in ba haka ba da ka sassauta sai ta ɗaga sama. Igiyar nailan tana miƙewa, shuɗiyar nan ta kasuwa kuma rana na busar da ita ta ruɓe. In ka samu ta foliyesta, ita ce ba ta cika miƙewa ba.

Hadarin damina kuwa, in ka hango shi ya haɗo daga gabas, ba maganar ja ko sassautawa ba ce. Ka sauke zanen gaba ɗaya, ka ɗauki filafili ka nufi gaɓa.