Kafin ka biya kuɗin gina shafin makarantarka, tambayi tubalinsa

Mai makaranta a Tumfure ya kira ni kan an canja lambar wayarsu. Da na buɗe shafin, sai na tarar lambar tana wuri 12, kowanne da gurbinsa a rumbun bayanai. Haka hoto da bayaninsa: shafin labarai da nasa, na malamai da nasa, na kuɗin makaranta da nasa. Maganin wannan shi ne tubali. A ƙera "hoto da bayani" sau ɗaya, a riƙa jera shi duk inda ake so.

Cikin manhajojin gina shafin intanet, ni Wagtail nake zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Kamfanin Torchbox na Ingila ne ya sake shi kyauta a 2014, a kan Django yake tafiya, wato tsarin gina shafuka da harshen kwamfuta na Python. Sashensa mai suna StreamField yana adana tubalan shafi gaba ɗaya a gurbi guda, a tsarin rubuta bayanai na JSON, sakatariyar makaranta kuwa sai dai ta danna alamar ƙari ta zaɓi rubutu ko hoto ko jadawali, ta ja shi sama ko ƙasa. Lambar waya da adireshi a ajiye su wuri ɗaya, gyara ɗaya ya wadatar. Illarsa dai yana son sabar (kwamfutar da shafin ke zaune a kai) da ke ɗaukar Python, ta ɗan fi tsada.

Akwai wasu manhajojin: Paragraphs, tsarin tubalai na manhajar Drupal, yana aikin, amma nauyinsa ya fi ƙarfin ƙaramar makaranta. Strapi kuma sai ka sake gina fuskar shafin daban.

WordPress ne inda ake cutar mutane. Tubalansa na Gutenberg, da suka zo a 2018, kyauta ne kuma ba laifi. Amma masu gini da yawa suna son ACF Pro, wani ƙarin manhaja da ake ɗora wa WordPress, wanda ake biya da dala duk shekara, sai su ɗauko kwafin sata daga Telegram. Na taɓa karɓar shafin wani shago a Jekadafari da aka yi wa haka. Wata uku da miƙa shi, tallan caca ya cika ƙasan kowane shafi, wanda ya gina kuma wayarsa a kashe. Mai shagon, dattijo, har gida ya same ni yana cewa, "Ɗana, me zan faɗa wa mutane?" Kwana 4 na yi ina tsince ƙazantar.

Don haka, Alhaji, ka ce a nuna maka rasit ɗin lasisi da sunanka a kai. Ka sa a danna sabuntawa a gabanka, domin na sata ba ya karɓarta daga kamfanin. Kuma kalmar sirrin sabar ta shigo hannunka kafin ka cika ragowar kuɗi.