PCV ko Himogulobin: Wanne Ya Fi Nuna Ƙarancin Jini?

Mai ciki daga Agege ko Idi-Araba a Legas in ta je awo, takan ji nas ta ce, "Hajiya, PCV ɗinki ya sauka." PCV, wato hematokirit, shi ne kason da jajayen ƙwayoyi suka mamaye cikin jini. Ana soka yatsa, a zuƙo jini cikin siririn bututun gilashi, na'ura ta juya shi da ƙarfi, jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama, a auna. Ga arha ga sauri, shi ya sa ƙananan asibitoci ke yin sa.

Himogulobin kuwa sinadari ne mai ƙarfe a cikin ƙwayoyin, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu. Da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ke yanke hukuncin ƙarancin jini: ƙasa da giram 13 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki (10.5 a watanni uku na tsakiyar ciki).

Galibi PCV ninki uku ne na himogulobin; 11 kusan 33 ke nan. Ni dai na fi yarda da himogulobin, tunda kumburar ƙwaya ba ta ruɗa shi. Sai dai duka biyun sukan hau na ƙarya idan gudawa ta tsotse ruwan jiki.