Waƙoƙi 15 na Jarid Arraes: littafin da kunne ya fi ido morewa

Sunan littafin Heroínas Negras Brasileiras em 15 Cordéis, ma'ana jarumai mata baƙaƙen fata na Birazil a cikin waƙoƙi goma sha biyar. Ya fara fitowa a 2017, aka sake buga shi a 2020. Na karance shi sau biyu, na farko a zuci, na biyu da murya a bayyane. A karatun zuci sai na ji shi lami, kamar miyar da aka manta ba a sa mata gishiri ba. Da na ɗaga murya sai ya tashi. Wanda zai saye shi ya san wannan tun kafin ya zaro kuɗinsa.

An haifi marubuciyar a 1991 a garin Juazeiro do Norte, yankin Cariri na jihar Ceará, can arewa maso gabashin Birazil. Sana'ar gado take yi. Kakanta Abraão Batista da mahaifinta Hamurabi Batista duk mawaƙan kodel ne, wato rubutacciyar waƙar gargajiya ta yankin, kuma masu sassaƙa hoto a jikin katako. Ta koma São Paulo a ƙarshen 2014, a 2015 ta kafa ƙungiyar rubutu ta mata a can, kuma a shekarar ta fitar da As Lendas de Dandara da kuɗin aljihunta. Waƙoƙin da ke cikin wannan littafi tun farko ɗaya-ɗaya ta riƙa buga su a ƙananan takardu tana sayarwa, daga baya aka tara su wuri guda.

Kodel, wanda su suke rubutawa cordel, asalin ma'anarsa igiya ce, saboda a kan igiya ake rataye ƙananan littattafan a kasuwa. Takarda ɗaya ake naɗewa sau biyu ta ba da shafi takwas, girmansa bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, a buga hoton katako baƙi wuluk a bango. A al'ada kowane shafi yana ɗaukar baiti huɗu, wato baiti 32 ko ƙasa da haka kaɗan a littafi guda. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan littattafan waƙoƙin ajami da ake bazawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya san irin kayan. A 2018 hukumar adana kayan tarihi ta Birazil ta sanya kodel cikin gadon al'adun ƙasar.

Yawancin baitocin littafin ƙwar shida ne, abin da suke kira sextilha. Amsa-amo yana faɗuwa a ɗango na biyu da na huɗu da na shida, na ɗaya da na uku da na biyar kuwa a sake suke. Kowane ɗango gaɓa bakwai. A nan ne Bahaushe yake fara tuntuɓe, don karin waƙarmu nauyi da sauƙin gaɓa yake aunawa, su kuwa ƙirga gaɓoɓi suke yi, kuma ƙirgen yana da dokoki biyu. Ta farko, ana tsayawa ne a gaɓar ƙarshe da aka danna wa murya, duk abin da ya biyo bayanta ba ya shiga lissafi. Ɗauki sunan Antonieta de Barros: gaɓa takwas ce a baki, amma da yake a kan "Ba" ake danna murya, bakwai ake ƙirgawa. Ta biyu, idan kalma ta ƙare da wasali kuma mai bi mata ta fara da wasali, sai su narke su zama gaɓa ɗaya, kamar casa amarela da ake furtawa ka-za-ma-re-la. Wanda bai san waɗannan biyun ba zai yi ta ƙirga takwas da tara, ya ɗauka karin ya karye, alhali lafiyarsa lau.

Littafin da harshen Fotugal yake. Ga wanda ba ya jin harshen, hanyar da ta fi ba ni sakamako ita ce a fara da taƙaitaccen tarihin da ke tare da kowace waƙa, wanda zube ne kuma gajere, don injin fassara ba ya shan wahala da shi. Sai a koma waƙar a kwafe baiti ɗaya, a haɗe ɗangwaye shidan su zama jimla guda a layi ɗaya kafin a zuba wa injin. Wannan haɗewa ba ƙaramin abu ba ce. Idan aka bar ɗangwayen a jere, injin yana ɗaukar kowane layi tamkar jimla mai zaman kanta, sai aikatau ya rabu da mai aikinsa, ma'ana ta watse. Bayan an fahimci abin da baitin yake faɗa, a ajiye fassarar gefe a karanta asalin da murya. Waƙa ɗaya ba ta wuce minti bakwai ko takwas a baki, amma da wannan aiki na fassara a ware mata kamar awa guda.

Furucin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Harafin r a farkon kalma da rr a tsakiya kamar h suke fita, don haka Arraes kusan "Ahais" ake faɗa. Nh shi ne ny, lh shi ne ly, ch shi ne sh. O a ƙarshen kalma u ne, e kuma i. Ão kuwa "aun" ne ta hanci. Da waɗannan kaɗai amsa-amon zai fara faɗo maka a kunne.

Inda injin fassara yake kwafsawa sanannu ne. Harshen Fotugal yana yawan jefar da wakilin suna, aikatau kaɗai yake tsayawa, kuma aikatau ɗin ba ya nuna mace ce ko namiji. Sai ka ga a tsakiyar waƙar jaruma mace fassara ta koma "ya yi", "ya gudu". Kalmomin zamanin bauta ma suna ba shi wuya. Capitão do mato sai ya fito "kyaftin ɗin daji", alhali mai farautar bayin da suka tsere ake nufi. Casa-grande ba kowane babban gida ba ne, gidan ubangidan bayi ne, kishiyarsa senzala, rumfar da bayi ke kwana. Alforria takardar 'yanci ce. Quilombo matsugunin bayin da suka ƙwaci kansu suka kafa gari a daji. Mina kuwa tana iya zama gaɓar tekun Afirka ta Yamma inda aka ɗebo mutane, tana iya zama ramin haƙar ma'adinai, injin kuma ya fi son ta biyun. A rubuta waɗannan shida a takarda a ajiye kusa.

Zaɓin matan shi ne ƙarfin littafin. Akwai Esperança Garcia, baiwar da ta rubuta wa gwamnan Piauí wasiƙa a 1770 tana ƙarar dukan da ake mata da ɗanta. Akwai Maria Firmina dos Reis ta Maranhão, wadda ta buga ƙagaggen labarinta Úrsula a 1859, shekara 29 kafin a soke bauta a ƙasar a 1888. Akwai Carolina Maria de Jesus mai tsintar takardu a unguwar marasa galihu ta Canindé a São Paulo, wadda littafin da ta rubuta na rayuwarta ta yau da kullum ya fito a 1960 ya zaga duniya. Antonieta de Barros an zaɓe ta majalisar jihar Santa Catarina a 1934, Laudelina de Campos Melo ta kafa ƙungiyar 'yan aikatau a Santos a 1936. Waƙoƙin waɗannan su suka fi zama da gindinsu, don akwai takardu a ƙarƙashinsu, mawaƙiyar ba ta buƙatar cike giɓi da kirari.

Inda takardu suka yi ƙaranci kuwa sai a yi hattara, musamman a waƙar da za ta fi jan hankalin mai karatu daga wajenmu, ta Luísa Mahin. Ana danganta ta da boren Malê na birnin Salvador a jihar Bahia, wanda Musulmi 'yan Afirka suka yi a daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin watan azumi. Yawancinsu Yarabawa ne, amma akwai Hausawa a ciki, kuma Hausawan su ne kan gaba a yunƙurin da ya gabace shi a 1807 da boren 1814. 'Yan sanda sun ƙwace layu da rubuce-rubucen Larabci daga jikin waɗanda aka kama, wasunsu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Bahia. Ita Luísa kuwa, tushen labarinta wasiƙa ce da ɗanta Luís Gama, lauyan da ya yaƙi bauta, ya rubuta a 1880, kuma a cikinta bai ce Musulma ce ba. Masanin tarihi João José Reis, wanda ya tsefe takardun shari'ar boren, bai sami sunanta a cikinsu ba. Haka lamarin Dandara ta Palmares, wani babban quilombo, yake, da Na Agontimé, sarauniyar Dahomey da ake cewa an sayar da ita zuwa Maranhão: labarin baka ya fi na takarda yawa. Baiti mai gaɓa bakwai ba shi da wurin ajiye "wai" da "an ce", sai duka su fito da murya ɗaya ta tabbaci. Ɗalibin da zai kafa hujja da waƙar a aikin makaranta ya nemi littafin tarihi ya haɗa.

Wani abin da na lura da shi, idan aka karanta waƙoƙin a zama ɗaya suna gundura. Fasalinsu kusan iri ɗaya ne: gabatar da jaruma, wahala, tsayin daka, sai kiran a tuna da ita. Dalili kuwa ba don a jera su aka rubuta su ba, kowace da ranarta da masu sauraronta. Biyu a zama sun isa. Wasu ɗangwayen ma da gani ka san neman amsa-amo ne ya kawo su. Harshen kuma mai sauƙi ne da gangan, don yara ake hari: tun 2003 doka ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen Birazil a makarantun ƙasar, malamai kuma suna neman abin da za a iya rerawa a aji. Zanen Gabriela Pires, wanda ya bi salon hoton katako, ya fi fitowa a takarda. A waya baitocin kan tsinke idan harafi ya yi girma, ɗango ɗaya ya zama layi biyu, don haka a rage harafin ko a kwantar da wayar.

Wanda yake neman zurfin alƙalamin Jarid Arraes ba nan zai tsaya ba. Tana da kundin waƙoƙin da ba su bin ƙa'idar kodel, Um Buraco com Meu Nome, na 2018. Gajerun labaranta a kan matan Cariri, Redemoinho em Dia Quente, sun fito a 2019 suka ci kyautar ƙungiyar masu sharhin fasaha ta São Paulo. A 2022 ta fitar da Corpo Desfeito, labarin yarinya 'yar shekara 12 da ta rasa uwa ta faɗa hannun kaka mai tsanani. Waɗannan cike suke da karin harshen Ceará, injin fassara kuma ya fi rikicewa a kansu. Ga mai fara koyon harshen Fotugal, littafin waƙoƙin 15 shi ya fi dacewa a fara da shi, kuma a buɗe da waƙar Esperança Garcia ko ta Carolina, a bar ta Luísa Mahin sai an karanta wani abu a kan 1835.