Ƙofar gareji ta ƙi buɗewa: inji ne ko sifirin?

Malam, ka ce in ka danna rimot injin yana gurnani, ƙofar ta ɗaga kamar taƙi ɗaya ta cije, wani lokacin ma ta koma ƙasa. Wani ya ce maka injin ne ya mutu, wani ya ce sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai talewa da ke taimakon ɗaga ƙofar, kana tambaya wanne za ka canza. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Daga yadda ka kwatanta, zargina ya fi karkata ga sifirin, amma bari in jera maka su biyun ka gani da idonka.

Mutane da yawa suna ɗauka injin da ke manne a silin shi ke ɗaga ƙofar. Ba shi ba ne. Ƙofar gareji mai naɗewa sama tana iya kai kilo 60, babba mai cin mota biyu kuma ta haura kilo 100, alhali yawancin injinan gida ƙarfinsu bai wuce rabin doki ba. Sifirin ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyin, shi kuma inji ja da turawa kawai yake yi. Kamar guga ne a kan kurar jan ruwa a rijiya: in kurar na nan yaro ma ya ja, in babu ita sai ƙato ya yi gumi. Saboda haka in sifirin ya tsinke, lafiyayyen inji ma zai yi ta nishi ya kasa, har ka ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Gwajin da ke raba gardama ba ya buƙatar ko sukudireba. Akwai jar igiya da ke reto daga abin da ke haɗa ƙofa da sarƙar inji. Ka tabbata ƙofar a rufe take ruf, ka cire filogin inji, ka ja igiyar. Yanzu ƙofa ta rabu da inji. Sa hannu biyu ka ɗaga. In ta tashi salin alin, ka kai ta daidai ƙugu ka saki ta tsaya nan ko ta ɗan motsa kaɗan, sifirin lafiyarsa lau, sai a koma kan inji. In kuwa ka ji kamar an kafe ta da ƙasa, ko ka ɗaga da ƙyar ta nemi rikitowa da ka sassauta, to inji ba shi da laifi. Sharaɗin nan na rufewa ba wasa ba ne: in ƙofa tana sama, sifirin a tsinke, ka ja igiyar, gaba ɗayanta za ta faɗo a kan duk abin da ke ƙarƙashi.

Ɓangaren inji shi ne mai rassa da yawa, amma galibinsu ƙananan abubuwa ne, kuma kunne ke gano su. In ka danna shiru, ko fitila ba ta kawo ba, duba wuta: filogi, soket, fis. In madannin bango yana aiki rimot ne ba ya yi, batir ne, ko kuma wani ya taɓa maɓallin kulle da ke jikin madannin bangon, wanda ke hana inji sauraron rimot. Akwai ma wasu ƙwayayen fitila na LED marasa inganci da ke dagula siginar rimot in an ɗaura su a jikin injin, har sai ka zo dab da ƙofa kafin ta amsa. In kana jin inji yana gudu, sarƙa tana tafiya, ƙofa ko gezau, an ja jar igiyar nan ne ba a mayar ba. In inji yana gudu sarƙa kuma ba ta motsi, buɗe murfinsa: a injinan sarƙa da dama akwai farar giya ta roba a ciki, in haƙoranta sun cinye za ka tarar da farin gari ya zuba a murfin. Ana sayar da giyar ita kaɗai, ba sai an zubar da inji ba. In kuma ƙugi kawai yake yi ba ya juyawa, alhali gwajin hannu ya nuna ƙofar ba nauyi, sau da yawa kafasita ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke tara caji ta ba inji ƙarfin tashi.

Za a ce maka ka goge idanun lantarkin nan biyu da ke gindin ƙofa, dama da hagu. Goge su ba laifi, amma ba su ne matsalarka ba. An wajabta irin wannan kariya ga injinan da ake sayarwa a Amurka tun 1993, ana ɗaura su ƙasa ƙasa, kada su wuce santimita 15 daga daɓe, kuma aikinsu hana ƙofa rufewa a kan yaro ko mota. Rufewa suke hanawa. Ƙofar da ta ƙi buɗewa ba ruwanta da su.

Shi ɓangaren sifirin ba shi da rassa da yawa, sai dai a nan haɗarin yake. Iri biyu ne. Akwai na murɗawa, wanda ke kwance a jikin sandar ƙarfe a saman ƙofa, yana naɗe igiyoyin ƙarfe a kan gangunan da ke ƙarshen sandar. Akwai na miƙewa, guda biyu, kowanne a gefen dogon da tayoyin ƙofa ke bi. Na murɗawa in ya tsinke ba ya ɓuya: za ka ga ya rabu biyu, da tazara kamar santimita 5 a tsakani, kuma lokacin tsinkewar yakan yi ƙara kamar harbin bindiga. Tambayi mutanen gida ko wani ya ji irin wannan ƙarar daga gareji, ko da dare ne, don yakan tsinke ne ƙofa tana rufe, lokacin da ya fi ɗaurewa. Na miƙewa kuwa in ɗaya ya tafi, ƙofar takan tashi a karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya, har ta cije a dogo.

Tsinkewar sifirin ba alamar an yi wa ƙofa mugun riƙo ba ce, kwanansa ne ya ƙare. Na gama-gari ana ƙera shi ne ya yi buɗewa da rufewa kamar sau 10,000. Gidan da ke buɗe gareji sau 4 a rana ya cinye wannan a cikin shekara 7 ko ƙasa da haka. In ƙofarka ta kai waɗannan shekaru ba a taɓa canza mata sifirin ba, ga ƙarin dalilin zargina. Tsatsa da sanyi mai tsanani kuma suna gaggauta abin.

Abin da ya sa na ce alamarka ta sifirin ce: injinan nan suna da ma'aunin ƙarfi, in suka ji nauyi ya wuce kima sai su tsaya. Ɗagawar taƙi ɗaya da tsayawa ita ce inji ya gwada, ya ji nauyin ƙofar gaba ɗaya a wuyansa, ya haƙura. Abu ɗaya da ke kwaikwayon wannan alamar shi ne sakata. In ƙofar tana da sakatar hannu daga ciki, duba ko wani ya zura ta, don ya sha faruwa a kira mai gyara ya zo ya zare sakata kawai ya tafi. Kuma ka daina danna rimot kana sake gwadawa. Kowace dannawa tana cin haƙoran farar giyar nan, tana iya lanƙwasa falle na sama na ƙofar inda hannun inji ke ja, ka wayi gari gyara ɗaya ya zama uku. Kada kuma ka ƙara wa inji ƙarfi daga ma'aunin ƙarfinsa don ya ja dole, wannan ma'aunin shi ke tsayar da ƙofa in ta danne mutum.

Wajen gyara ma ba ɗaya suke ba. Na inji, in ka cire filogi, mai ɗan sanin hannu zai iya canza batir, giya, har kafasita in ya san tana riƙe caji bayan an ɗauke wuta. Na sifirin murɗawa kuwa ban ba ka shawarar taɓawa ba. Ana ɗaure shi ne da sanduna biyu na musamman da suka dace da ramukansa cif, kuma masu zura sukudireba a madadinsu su ne ake kaiwa asibiti da karyayyen yatsa ko fasasshen haɓa. Haka ƙarafan da ke kusurwar ƙasa ta ƙofa, inda igiyoyin ƙarfe suka ɗaure: kada ka kwance kusoshinsu, duk ƙarfin sifirin yana kansu.

In ka kira mai gyara, ka sa ya auna kaurin waya, faɗin ciki da tsawon tsohon sifirin, ko ya auna nauyin ƙofar, domin sifirin da bai dace ba zai bar ta da nauyi ko ya riƙa fizgarta sama. In guda biyu ne a sandar, a canza su tare, shekarunsu ɗaya, na biyun ma yana hanya. In na miƙewa ne, a zura igiyar tsaro ta cikin kowanne, don ranar da ya tsinke kada ya yi tsalle ya fasa gilashin mota. Kafin ya tafi, ya cire inji ya ɗaga ƙofar da hannu a gabanka ta tsaya a rabi, sannan ya mayar da jar igiyar ku gwada da rimot.