Zagayen kwana biyu a Rapa Nui: duwatsu sun biya kuɗinsu, tarihin zuwan mutane ya rage saura

Rapa Nui, wanda Turawa ke kira tsibirin Ista, yana ƙarƙashin ƙasar Chile, amma tsakaninsa da gaɓarta akwai fiye da kilomita 3,500 na ruwan tekun Pasifik. Maƙwabcinsa mafi kusa da ke da mutane shi ne Pitcairn, shi ma sai an yi sama da kilomita 2,000. Jirgin LATAM daga Santiago yana cin awa biyar da ɗoriya. Tun daga 2022 ba a shiga galibin wuraren tarihin tsibirin sai da ɗan jagora mai lasisi, saboda haka biyan kuɗin zagaye ya zama dole. Wanda na saya shi ne irin da kusan kowane kamfani a garin Hanga Roa ke sayarwa: yini guda cikakke, da rabin yini sau biyu, a ƙaramar bas.

Tikitin shiga gandun ƙasa da ya ƙunshi wuraren tarihin ba ya cikin kuɗin zagayen, daban ake sayensa. Ƙungiyar 'yan asalin tsibirin, Ma'u Henua, ita ke riƙe da gandun tun 2017. Tikitin yana aiki kwana goma, amma Rano Raraku da tsohon ƙauyen bukukuwa na Orongo sau ɗaya tak ake shigarsu da shi. Wannan ƙa'ida ce ta sa tsarin lokacin kamfani yake da muhimmanci: idan aka gaggauta ka a Rano Raraku, babu komawa sai da sabon tikiti.

A Rano Raraku ɗin kuwa, ɗan jagoran ya yi aikinsa. Nan ne ma'aikatar da aka sassaƙa kusan dukkan mutum-mutumin da ake kira moai, waɗanda yawansu a tsibirin ya doshi 1,000, kuma kusan 400 suna nan a wurin ba su bar shi ba. Dutsen tokar aman wuta ce da ta daskare, tana da laushi, ana saranta da gatarin baƙin dutse mai suna toki. Ya nuna matakan a jikin dutsen kansa: ana fara fitar da fuska da ƙirji moai yana kwance rigingine, a bar wani siririn ƙashin baya da ke riƙe da shi, a sare wannan a ƙarshe, a zamo da shi gangare a tsayar cikin rami, sannan a gama bayan. Shi ya sa waɗanda ake gani a hoto kamar kawuna zalla suna da gangar jiki, ƙasa ce ta binne su har wuya. Akwai wani da ba a taɓa ɓamɓare shi ba, tsawonsa kusan mita 21. Ya kuma nuna cewa waɗanda suka faɗi a kan tsofaffin hanyoyi gindinsu ya fi faɗi kuma sun ɗan rusuna gaba, abin da ya dace da gwajin 2012, inda mutum 18 da igiya uku suka tafiyar da kwaikwayon moai mai fiye da tan huɗu a tsaye, suna karkata shi dama da hagu. Mutanen tsibirin dama sun daɗe suna cewa moai da ƙafarsu suka tafi. Awa ɗaya da rabi aka ba mu, kuma ta isa ƙyas.

Tongariki, mai moai 15 a jere, ba ya buƙatar dogon bayani. Igiyar ruwa ta girgizar ƙasar 1960 ta watsa su cikin tudu, aka sake tsayar da su a shekarun 1990 da taimakon Japan.

Inda zagayen ya gaza shi ne Anakena. A nan tarihin mutum a tsibirin ya fara, amma an sa shi ƙarshen yini, bayan la'asar, aka ce lokacin wanka ne da sayen abinci. Bayanin bai kai minti goma ba: Hotu Matu'a, sarkin farko a tarihin baka na tsibirin, ya zo daga wata ƙasa mai suna Hiva ya sauka a wannan rairayi, ga moai bakwai na Ahu Nau Nau, a dawo mota da ƙarfe kaza. Alhali a tudun yashin da ke bayan moai ɗin ne masu binciken tarihi Terry Hunt da Carl Lipo suka haƙa har ƙasan ƙasa, suka auna shekarun gawayin da ke can, suka buga a 2006 cewa zaman mutane ya fara wajajen 1200 miladiyya. Kafin nan ana ta cewa tsakanin 400 da 800, kuma ɗan jagoranmu tsohon lissafin ya maimaita. Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan 1200 ne, to duk aikin sassaƙa da ginin dandamalan ahu ya fara ne jim kaɗan da saukar mutane, ba bayan ƙarnuka na zaman shiru ba.

Ba a ce komai ba game da kayan da ke cikin kwalekwalen, wanda a ganina shi ne zuciyar labarin. Mutanen Polinesiya ne daga yamma, cikin kwalekwale biyu da aka haɗa da katako. Sun zo da kaji, da ɓera, da ayaba, da rake, da doya, da gwaza. Alade da kare, waɗanda ake samu a wasu tsibiran Polinesiya, babu alamarsu a nan, shi ya sa kaza ta yi daraja har ana gina mata akurkin dutse mai ƙofa ɗaya da ake toshewa da dare. Bishiyoyin kwakwar da ke yi wa Anakena inuwa yau ma baƙi ne, daga Tahiti aka kawo su a ƙarni na 20, kuma babu wanda ya gaya wa masu ɗaukar hoto.

Sai dankali, wanda mu muke kira dankalin Hausa, su kuma kumara. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, kuma shi ya zama abincin tsibirin tun kafin Bature ya zo. A Vinapu, inda duwatsun katanga suka haɗu lif kamar ginin daular Inka ta Peru, ɗan jagoran ya jingina da ra'ayin Thor Heyerdahl, mai bincike ɗan Norway, cewa daga Peru mutanen farko suka fito. Harshe, da kayan aiki, da ƙwayoyin halitta duk sun nuna Polinesiya. Abin da ya tabbata shi ne haɗuwa: binciken da mujallar Nature ta buga a 2024 kan ƙasusuwan mutum 15 da ke ajiye a Paris ya sami kusan kashi 10 cikin 100 na jinin 'yan asalin Amurka, kuma cuɗanyar ta auku tsakanin 1250 da 1430. Wato an je an dawo, ko an zo an tarar, amma masu gida 'yan Polinesiya ne.

Haka nan aka ba mu labarin da ya fi sayuwa: sun sare bishiyoyinsu don jan moai, yunwa ta kama su, suka karkashe juna. Dajin wata bishiya dangin dabino ya ƙare, wannan gaskiya ne. Amma ƙwallayen bishiyar da ake tsinta a koguna da yawansu da shatin haƙorin ɓera, wato ɓeran yana cinye iri, sabon tsiro bai tashi ba, mutane kuma suna ƙona daji don gona. Da bishiya ta ƙare sai suka koma shimfiɗa tsakuwa da fasassun duwatsu a kan gona don riƙe laima da tare iska. Bas ta wuce irin waɗannan gonaki a gefen hanya ba ta tsaya ba, mai kallo sai ya ɗauka kufai ne. Binciken 2024 ɗin bai ga alamar rugujewar jama'a a ƙarni na 17 ba. Masifar da ke rubuce ta zo ne bayan Jacob Roggeveen na Holan ya iso a ranar 5 ga Afrilu 1722, musamman a 1862 zuwa 1863 da masu farautar bayi daga Peru suka kwashe kimanin mutum 1,500. 'Yan kaɗan da aka maido suka zo da agana. A 1877 mutum 111 suka rage. Wannan sai da aka tambaya sannan aka faɗa.

Wanda son tarihi ya kai shi tsibirin, ya ɗauki ɗan jagora shi kaɗai ko da na yini ɗaya ne, ya ce a juya tsarin: Anakena da sassafe, sannan Te Pito Kura inda Paro, moai mai kusan mita 10, ke kwance a karye, sai Tongariki, a ƙare a Rano Raraku. Kafin a biya a tambaye shi wace shekara yake ba wa zuwan mutanen farko, amsarsa za ta nuna inda karatunsa ya tsaya. Gidan tarihi na Sebastián Englert da ke kusa da Tahai ba ya cikin zagayen, kuma ya kamata a fara da shi idan a buɗe yake, domin a can aka ajiye idon moai na farin murjani da aka tono a Anakena a 1978. A riƙe hula mai igiya da gorar ruwa lita biyu, saboda iska ba ta tsayawa kuma daga Hanga Roa zuwa Anakena inuwa ba ta da yawa.