Gidan tarihin Roald Dahl: bukkar rubutu ce ta cancanci kuɗin shiga

Gidan tarihin Roald Dahl yana kan babban titin ƙauyen Great Missenden da ke yankin Buckinghamshire a Ingila, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a jirgin ƙasa daga tashar Marylebone ta Landan. An buɗe shi a shekarar 2005 a cikin wani tsohon masaukin matafiya, kuma wanda ya je yana tsammanin katafaren gini zai tarar da wuri madaidaici mai ɗakunan nuni uku, wanda aka tsara musamman domin yara 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu. A wannan ƙauyen ne marubucin ya zauna tun daga 1954 har rasuwarsa a watan Nuwamban 1990, a nan kuma ya rubuta littattafan da suka sa yaran duniya suka san sunansa.

Ɗakin farko na ƙuruciyarsa ne. An haife shi a 1916 a Llandaff ta ƙasar Wales, iyayensa kuwa 'yan Norway ne. A nan mai ziyara zai ji labarin makarantar kwana ta Repton, inda kamfanin Cadbury ke aiko wa ɗalibai kwalayen sababbin cakulan domin su ɗanɗana su faɗi ra'ayinsu, abin da ya daɗe a ransa har ya haifar da littafinsa Charlie and the Chocolate Factory a 1964. Yara suna son wannan ɗakin, ni kuwa na ratsa shi da sauri, domin abin da ya kawo ni yana ɗaki na biyu.

Abin shi ne cikin bukkar da yake rubutu. Ginin bulon yana nan a lambun gidansa, amma an kwaso duk abin da ke ciki, aka sake jera shi a bayan gilashi kamar yadda ya bar shi, har da dattin da ya taru, domin mutumin bai yarda a share masa wurin ba. Kujerar tsohuwa ce ta mahaifiyarsa, mai hannuwa, an yanke rami a majinginarta. Dalilin ramin shi ne ciwon baya da ya samu lokacin da jirgin yaƙin da yake tuƙawa ya faɗi a hamadar Libiya a watan Satumban 1940, ciwon da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ba ya zama a gaban tebur. Allo yake ɗorawa a kan hannuwan kujerar, wanda aka lulluɓe da koren ƙyalle, idan sanyi ya yi tsanani kuma sai ya zura ƙafafunsa cikin jakar barci irin ta masu kwana a daji. Mutum ne mai tsawon kusan mita biyu, sai ka tsaya kana lissafin yadda ya riƙa naɗe kansa a wannan ɗan lungu shekara da shekaru.

Kan ƙaramin teburin da ke gefe ne ya fi tsayar da mutane. Akwai kan ƙashin kwatangwalonsa da likitoci suka cire, ya karɓo ya ajiye. Akwai kwalba mai ɗauke da ɓurɓushin ƙashin bayansa daga wata tiyata. Akwai kuma wani ƙwallo mai kama da dalma, wanda ya dunƙula da takardun azurfa na cakulan da yake ci kullum lokacin da yake ƙaramin ma'aikaci a kamfanin mai na Shell a Landan, kafin a tura shi Darussalam, a ƙasar Tanzaniya ta yau. Na ga wata yarinya ta manna goshinta da gilashin tana yamutsa fuska, amma ta ƙi matsawa daga wurin.

Ana yawan ba da labarin waɗannan kayayyaki a matsayin shaidar cewa Dahl bauɗaɗɗen mutum ne, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai a ganina abin da bukkar ta fi nunawa shi ne ma'aikaci mai tsare lokaci. Yana shiga da ƙarfe goma na safe ya fito sha biyu, ya koma ƙarfe huɗu na yamma zuwa shida. Kafin ya fara sai ya feƙe fensir shida, rawaya, samfurin Dixon Ticonderoga, ya yi rubutu a kan takarda rawaya mai layi da ake kawo masa daga Amurka. Labule a rufe yake domin kada wani abu na lambu ya ɗauke masa hankali. Gidan yana riƙe da rubuce-rubucensa na hannu, waɗanda suka nuna cewa ba a zama ɗaya labaran suka faɗo ba: a daftarin farko na Matilda, wanda ya fito a 1988, yarinyar muguwa ce, kuma mutuwa ta yi a ƙarshe, sai da ya rushe ya sake gini. Yaron da ya saba jin kunya idan malami ya ja masa jan biro zai amfana da ganin wannan fiye da duk wani wasa da ke ɗaki na uku, inda aka ajiye kwafin kujerar domin kowa ya zauna ya gwada ƙirƙirar labarinsa.

Rayuwarsa ba cakulan ba ce zalla. A 1960 motar haya ta buge keken jaririnsa Theo a birnin New York, abin da ya sa ya haɗa kai da wani injiniya da wani likitan ƙwaƙwalwa suka ƙirƙiro ɗan bututun da ke rage ruwan da ke taruwa a kan yaro. A 1962 ƙyanda ta kashe 'yarsa Olivia tana da shekara bakwai, daga baya ya zama mai kira ga iyaye su yi wa 'ya'yansu rigakafi. Haka kuma ya furta kalaman ƙiyayya ga Yahudawa, waɗanda iyalinsa suka nemi afuwa a kansu a 2020, gidan tarihin ma ya fito fili ya yi tir da su a 2023. Babban da ya rako yara ya kamata ya shigo da wannan a ransa, domin wurin na yara ne, ɓangaren raha ya fi rinjaye.

Awa biyu sun isa a ga komai a natse. Wanda ke da sauran ƙarfi ya taka zuwa majami'ar ƙauyen da ke kan tudu, inda kabarinsa yake, da sawun ƙaton da ke cikin littafinsa The BFG a zane a ƙasa yana nuna hanya. An binne shi da fensirorinsa da cakulan da sandunan wasan sunuka, masu ziyara kuma har yanzu suna ajiye masa fensir a kan dutsen.