Birni ko Zango: ina baƙo zai fara a Damagaram?

Mai neman kufan tarihi ya fara da Birni, tsohuwar unguwar garin. Nan fadar Sarkin Damagaram take, nan kuma ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita a ƙarni na 19. Yawancinta ruwan damina ya cinye, wani wurin ta koma tudun jar ƙasa, wani wurin gidaje sun hau kanta. Shi ya sa wanda ya bi ta kan kabu-kabu zai wuce bai san ya wuce ba. A taka da ƙafa, tare da ɗan unguwa, tun kafin ƙarfe 10 na safe, don manyan duwatsun Birni suna riƙe zafi. A ƙofar fada a gaida dogarai, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Kada a hau ragowar ganuwa, balle da damina: tubalin ya jiƙa, yana iya zubewa, abin da ya zube kuwa ya tafi ke nan.

Zango daban ne. A da masaukin fatake da ayarin Abzinawa ne, tarihinsa a tsaye yake, a zanen da magina suka yi a fuskar gidajen attajiran da. Hanya ta fi sauƙi, ko da yamma ana zagawa, sai dai siminti ya rufe zane da yawa.

In yini ɗaya gare ka, ba Birni safiya. Tun 2006 yake cikin jerin wuraren tarihi da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Zango kuma bayan la'asar.